Shaƙuwa: Abin Da Ke Kawo Ta Da Yadda Ake Tsai Da Ita

Shaƙuwa ba ta bar babba ba, ba ta bar yaro ba. Har ɗan tayin da ke cikin mahaifiyarsa yakan yi ta. Galibi takan tafi da kanta cikin 'yan mintoci, shi ya sa jama'a ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Amma likitoci sun ce akwai wadda ba a yi mata sakaci.

Tushen abin wani faffaɗan nama ne da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi ake jan numfashi. Idan wani abu ya tsokani jijiyoyin da ke sarrafa shi, sai ya zabura farat ɗaya, iska ta ruga cikin huhu, nan take ƙofar maƙogwaro ta rufe. Wannan rufewa ita ce ƙarar da ake ji. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne cin abinci da garaje, da cika ciki fiye da kima, da yawan yaji, da lemon kwalba mai gas, da giya, da kuma kora ruwan sanyi bisa abinci mai zafi.

Dabarun gida iri biyu ne. Na farko su ne masu tara iskar da jiki ke fitarwa, watau riƙe numfashi na ɗan lokaci, ko yin numfashi cikin jakar takarda, ba ta leda ba. Na biyu kuwa masu farkar da jijiyar maƙoshi ne, kamar kurɓar ruwan sanyi a hankali, da tsotsar lemon tsami, da haɗiye cokalin sukari. A shekarar 1971 likita Edgar Engleman na Amurka ya ba da rahoto cewa sukari ya tsai da shaƙuwar mutum 19 cikin 20 da aka gwada. Firgita mai shaƙuwa, kamar a laƙa wa yaro satar nama, takan yi aiki wani lokaci domin razana tana katse numfashi. Zaren da iyaye mata ke ɗora wa jariri a goshi ba ya cutarwa, sai dai lokaci ne ke maganin. Abin da ya fi shi ne a ɗora jaririn a kafaɗa har ya yi gyatsa, kuma kada a ɗura masa ruwa in bai kai wata 6 ba.

Shaƙuwar da ta wuce kwana 2 ita ce abin tsoro, domin tana iya zama alamar ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki, ko wata cuta a ciki. A watan Yuli na 2021 an kwantar da Jair Bolsonaro, shugaban Brazil na lokacin, bayan kwana 10 yana shaƙuwa, aka tarar hanjinsa ne ya toshe. Shi kuwa Charles Osborne, manomi a jihar Iowa ta Amurka, ya fara tasa a 1922, ba ta sake shi ba sai 1990, watau shekara 68.

Saboda haka duk wanda shaƙuwa ta kwana biyu a jikinsa, ko ta hana shi ci da barci, ko ta zo da ciwon ƙirji ko nauyin harshe, to, ya bar sukari da lemon tsami ya nufi asibiti.