ƘIRAR SARƘA DA SHIRIN DUTSEN WUYA A ƘASAR DAURA

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Daura ran hawan Sallar Gani ya san ba dawaki kaɗai ke ɗaukar ido ba. Mata da 'yan mata su kan fito kowace da abin wuyanta, wata sarƙa, wata tsakiya, wata murjani. Mu ma da ido kawai mu ke bin su kamar kowa, sai da wani abu ya auku a gidanmu. Kakarmu tana da wani dutsen wuya da ta gada wurin mahaifiyarta, tsakiya 21 a zare guda. Wata ƙanwarmu ta ara ta sa ran salla, cikin turmutsitsi zaren ya tsinke, duwatsun suka watse ƙarƙashin ƙafafun mutane da kofatan dawaki. Da ƙyar aka tsinto 9. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, sai ta ce laifinta ne, shekara da shekaru tana goge duwatsun, amma ba ta taɓa duba zaren ba.

Wannan magana tata ita ta sa da muka sami hutu muka riƙa zama wurin maƙera da masu shirya duwatsu, muna kallo muna tambaya. Abin da muka gane shi ne, ido duwatsu ya ke gani da walƙiyar ƙarfe, amma abin da ke riƙe da abin wuya ɓoye ya ke, watau zare, da ƙulli, da haɗin zobba, da tsarkin azurfa. Shi ne muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa.

Inda kayan ke fitowa

Ƙasar Daura tana tsakanin Kano da Damagaram, saboda haka tun zamanin da ba ta rasa hajar ayari. Kaya su kan taso daga Tarabulus, su biyo Gadamas da Gat da Agadas, su sauko Damagaram, sa'an nan su nufi kasuwar Kurmi ta Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851, ya kuwa lissafa duwatsun ado cikin hajar da ke shigowa ta hamada. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911 sai cinikin hamada ya yi ta mutuwa, kaya suka koma shigowa ta bakin teku.

Murjani, wanda sunansa ya zo cikin Suratur Rahman, ba dutse ba ne na ƙasa. Waɗansu ƙananan halittu ne na ruwa ke gina shi, ana ciro jansa daga Bahar Rum, mutanen Italiya su yanka su huda. Aƙiƙ kuwa, wanda a ke yin talhatana da waɗansu tsakiyoyi da shi, tun da daɗewa a garin Kambat na Indiya a ke gyara shi, alhazai da fatake su kawo. Cikin ƙarni na 19 mutanen Idar-Oberstein ta Jamus suka shiga yin irinsa musamman don kasuwannin Afirka. Duwatsun gilashi masu zane daga birnin Benis na Italiya su ke zuwa.

Kada a ce duka na baƙi ne. Lantana a Ilori a ke yin ta. Fataken Hausawa ke kai jan dutsen daga bakin Kwara ta wajen Sayi, cikin ƙasar Nijar ta yau, masu aikin su huda shi da ɗan tsinken ƙarfe suna ƙwanƙwasawa kaɗan kaɗan, sa'an nan su goge shi a kan dutse har ya yi santsi. Sana'ar ta durƙushe tun farkon rabin ƙarni na 20, don haka tsohuwar lantana in ta ɓace ba ta da mamaya. A Bida kuma mutanen unguwar Masaga sun shahara da narka kwalabe su yi ƙarau da duwatsu. Ƙaunar da Bahaushe ke yi wa waɗannan abubuwa ta kai har yana kiran 'ya'yansa mata Lantana da Murjanatu.

Azurfa fa? Yawancinta kuɗi ne aka narka. Babba cikinsu liyari, mai hoton Sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Ta rasu cikin 1780, duk wanda aka buga bayan haka kuwa wannan shekara a ke rubuta masa. Nauyinsa giram 28, kashi 833 cikin 1000 azurfa ne, saura jan ƙarfe. Haka kuma sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa cikin 1913 na azurfa ne, sai cikin 1920 aka koma yin su da tagulla.

Aikin maƙerin fari

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. Ko cikin labarin Bayajida an ce maƙera ne suka ƙera masa wuƙa a Gaya kafin ya iso rijiyar Kusugu. Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da gatari. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, su ne masu zobe da awarwaro da munduwa da sarƙa. Kayan aikinsu zugazugi, da uwar maƙera, da 'yar guduma, da awartaki, da magagari, da ɗan kaskon yumɓu na narki. Gawayin ƙirya suka fi so, don wutarsa tana da zafi tana kuma daɗewa.

To, ga yadda a ke yin sarƙa. Da fari maƙeri ya kan auna azurfar a gaban mai ita. Ya zuba ta kasko, yaro ya yi ta zuga. Tsantsar azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962 a ma'aunin Salsiyas, kusan ninki goma na zafin tafasar ruwa ke nan. In ta narke sai ya tsiyaya ta cikin wani ɗan kwari ta daskare kamar sanda, ya yi ta bugu yana juyawa har ta yi siriri.

Daga nan sai ja. Yana da wani falan ƙarfe mai ramuka a jere, daga babba zuwa ƙarami. Ya kan fiƙe bakin sandar ya zura a babban rami, ya kama da awartaki ya jawo, sa'an nan ya koma rami na biye, har ta zama waya. A nan ne a ke gane gwani. Azurfa in ta sha bugu da ja sai ta yi tauri, in aka matsa mata ta tsage. Saboda haka bayan kowane ja biyu ko uku ya kan mayar da ita wuta ta yi ja ja, ya bari ta huce, sai ta koma laushi. Mai gaggawa ya kan tsallake wannan, wayarsa ta fito da tsaga wadda ido ba ya gani.

In waya ta samu sai ya naɗe ta a jikin wani tsinken ƙarfe, naɗi kusa da naɗi, ya zare tsinken, ya yanka naɗin a tsaye. Nan take sai ga 'yan zobba masu girma ɗaya sun zubo. Ya riƙa zura wannan cikin wancan yana rufe baki. In kowane inci yana cin zobe 8, sarƙa mai inci 18 za ta ci zobe 144, kowanne kuwa yana da bakin da sai an haɗe shi. Abin haɗin azurfa ce da aka gauraya da tagulla don ta riga zoben narkewa. Ya kan shafa sinadari a bakin, ya ɗora ɗan ƙwayar haɗi, ya ba shi wuta daidai gwargwado. In wuta ta yi kaɗan haɗi ba ya bi, in ta yi yawa zoben kansa ya narke. Wanda ba ya tsoron Allah ya kan matse bakin kawai ya bar shi, mai saye ba ta sani ba sai ran da yaro goye ya fizga.

Abin da a ke ratayawa tsakiyar sarƙa sau da yawa zubi a ke yi. A sassaƙa siffar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu a bar ƙofa, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce a fasa yumɓun. Da ya ke fasa shi a ke yi, ba a samun biyu masu kama ɗaya sak. Maƙeran Buzaye na Agadas sun yi suna a wannan aiki. Ƙarshe sai a gyara da magagari, a yi zane, a wanke da ruwan tsamiya ko na lemun tsami, a goge har ta yi fari tas.

Shirin duwatsu

Mai shiri ba ta fara zurawa sai ta auna wuyan mai shi da zare. Sa'an nan ta shimfiɗa farin ƙyalle a faifai don kada duwatsu su gangare, ta jera su a kai. Babban ta kan sa shi tsakiya, ta bi hagu da dama da biyu biyu masu kama da juna, suna raguwa har su kai ƙeya. Dalilin da ya sa yawan manyan duwatsu ya kan zama mara ke nan, kamar 15 ko 21. Ba don kyau kaɗai ba ne, in gefe ɗaya ya fi nauyi abin ya riƙa juyawa ke nan a wuya. Tsakanin manya a kan sa ƙananan duwatsu ko 'yan ƙwayoyin azurfa, don launi ya fito, don kuma abin ya lanƙwasu ya kwanta a ƙirji.

Sai zare. A da zaren auduga a ke murzawa riɓi da yawa a shafe shi da kaki, yanzu an fi amfani da na roba. Ko wanne ne, ya kamata kaurinsa ya cika ramin dutsen, gama in ya yi siriri dutsen ya riƙa wasa a kansa yana cin sa. Tsohuwar tsakiya bakin raminta ya kan yi kaifi, ga zufa da mai da turare suna ruɓar da zare a hankali. Abin da ya sami na kakarmu ke nan. Maganinsa biyu ne. Na ɗaya, a ƙulla zaren bayan kowane dutse, yadda masu shirya lu'ulu'u ke yi a ƙasashen duniya, in ya tsinke dutse ɗaya kaɗai zai faɗi. Ba kowa ke yin haka ba, don yana cin lokaci. Na biyu, a sake zare kafin ya nemi a sake shi. Wajen ƙeya kuwa, inda ya fi shan zufa, baduku ya kan iya naɗe shi da fata ya yi masa maɓalli, ko maƙeri ya sa masa ƙugiya da zobe.

Yadda a ke gane na kirki

Araha ba ta ado. Yau kasuwannin Daura da Mai'aduwa cike su ke da sarƙoƙin inji masu ruwan zinariya, da duwatsun roba masu kama da murjani. Ba laifi ba ne a saya, laifin a saya da kuɗin na gaske. Dutse na gaske yana da nauyi, in an ɗora shi a kumatu a ji sanyi. Roba ba ta da nauyi. Gilashi in an ɗaga shi ga rana a kan ga 'yan kumfa ciki, ko layin inda aka haɗa shi. Azurfa da zinariya maganaɗisu ba ya kama su, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka a ɗan goga magagari a ɓoyayyen wuri a ga ko cikin ya yi daidai da wajen. Hatimin 925 a jikin azurfa yana nufin kashi 925 cikin 1000 tsantsa ne. A zinariya kuwa 875 shi ne karat 21, 750 shi ne karat 18. Amma fa hatimi ma ana yin na ƙarya, amintaccen maƙeri ya fi hatimi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama abin wuyan mace taskarta ce. Mallakarta ne ita kaɗai, shi ta kan fitar ran da ciwo ya zo, ko hatsi ya ƙare kafin kaka, ko za ta aurar da 'ya. Wadda aka cuta da jabu ba ta sani ba sai ranar da ta fi bukata. Shari'a ma ta kula da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan adon da mace ke sawa, amma akwai a kan wanda aka ajiye don ciniki. Kuma ba a musayar zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai nauyi ya zo daidai, hannu da hannu. Mai son sake tsohuwar sarƙa da sabuwa sai ta tambayi malamai kafin ta shiga kasuwa.

Abin da ya shafe mu

Maƙeran fari sun ragu ƙwarai, 'ya'yansu da yawa sun kama waɗansu hanyoyi, tsofaffin duwatsu kuwa ana ta sayar wa dillalai da kuɗi kaɗan, don magada ba su san abin da ke hannunsu ba. Mu da za mu tsaya gaban yara muna da hannu a wannan. Kada yaro ya fito daga ajinmu yana jin kunyar zugazugin ubansa. Mu kai su maƙera su ga yadda wuta ke tausasa azurfa, darasin kimiyya ke nan. Mu sa su lissafta azurfar da ke cikin liyari 5, su bi hanyar murjani a taswira daga Bahar Rum zuwa Daura. Kowane yaro kuma ya tambayi kakarsa sunayen duwatsunta da inda ta same su, ya rubuta ya kawo.

Tsakiyoyin nan 9 da aka tsinto an sake shirya su da sabon zare, da ƙulli bayan kowace ɗaya. Abin ya gajarce, yanzu wuyan yarinya kaɗai ya ke zagayawa. Wanda ya karanta wannan, in ya je gida hutu, ya roƙi iyayensa mata su buɗe adudu a duba zare tun bai tsinke ba. Allah ya sa mu amfana, amin.