Jirgin sama ƙirar gida: in allura ta fara rawa

A Faransa, tun 1934 da Henri Mignet ya wallafa littafinsa a kan ƙaramin jirgin nan Pou-du-Ciel, akwai masu ƙera jirgin sama da hannunsu cikin gareji. A Amurka ma, ƙungiyarsu EAA, wadda aka kafa a 1953, takan tara dubbansu kowace shekara a Oshkosh.

Cikin abubuwan da ke ci musu tuwo a ƙwarya akwai wutar lantarki. Inji ke juya altarnater, shi kuma ya cika batir, yayin da wata ƴar na'ura, regilater, ke riƙe ƙarfin wutar wajen bolt 14. In tsatsa ta kama makunni ko mahaɗin wayar da ke ciyar da na'urar, sai awonta ya rikice: ta ƙara, ta rage, ta sake ƙarawa. Allurar awo ta yi ta rawa, fitilu na ƙyaftawa.

Babban haɗari shi ne ta lalace ɗungum: wuta ta haura, rediyo ya ƙone, batir ya tafasa. Saboda haka suke ɗaura abin da zai katse altarnater da zarar wuta ta kai wajen bolt 16. Inji mai manyeto zai ci gaba da aiki. Wanda ke dogaro da lantarki kuwa, ransa na hannun batir. A sama babu gefen hanya inda matuƙi zai tsaya ya nemi makanike.