Kyautar bankwana: Zaɓen kayan zane ga ma'aikacin da zai sake riƙe buroshi a Lafiya

Dokar aikin gwamnatin tarayya ba ta da kwana-kwana a kan ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Idan ranar ta matso, abokan aiki kan yi karo-karo su sayi agogon bango ko firji. Sai dai akwai ma'aikatan da suka karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a wata kwalejin ilimi, aikin ofis ya raba su da buroshi shekara 30, kuma burinsu idan sun koma gida Lafiya shi ne su ɗora daga inda suka tsaya. Irin wannan mutum kayan zane ne kyautarsa, kuma a nan masu saye suka fi yin kuskure.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen babban akwati mai launi 24 ko 36 saboda cika ido. Yawancin irin wannan fenti na 'yan makaranta ne, launinsa ba shi da ƙarfi, kuma yana kodewa. Wanda ya taɓa zama a ɗakin zane na Zariya, garin da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, zai gane haka tun shafar farko. Zai yi godiya, ya ajiye akwatin a saman kabad. Launi shida masu kyau sun fi masa amfani: fari, shuɗi, ja, rawaya, ruwan ƙasa mai duhu da rawayar ƙasa, domin daga cikinsu ake haɗa sauran. A sayi farin a babban bututu, shi yake fara ƙarewa. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, yana da kaya masu matsakaicin farashi da ba sa ba da kunya: Cotman na fentin ruwa, Galeria na akirilik, Winton na fentin mai.

Wane nau'i za a ɗauka? Yanayin Lafiya yana da ta cewa. Fentin mai yakan kwana biyu zuwa mako kafin samansa ya bushe, kuma a lokacin hunturu ƙura tana manne masa, ga warin man tsinka shi a ɗakin da ba ya samun iska. Akirilik da ruwa ake tsinka shi, ba ya buƙatar wani mai, amma a zafin watan Maris yakan daskare a kan faranti cikin mintuna, ya kashe buroshin da aka manta ba a wanke ba. Wanda zai ba da shi ya haɗa da ƙaramar kwalbar fesa ruwa da faranti mai murfi. Fentin ruwa shi ne mafi sauƙin ɗauka ga mai son zuwa ya zauna gaban duwatsun Eggon ko magangarar Farin Ruwa a Wamba, kuma abin da ke riƙe launinsa ƙaro ne, irin wanda ake tarawa a Yobe da Borno da Jigawa. Sharaɗinsa ɗaya, takarda mai kauri, wadda aka rubuta giram 300 a bangonta. Takardar ofis tana jiƙewa take tattarewa.

Mafi aminci dai a bincika abin da mutumin yake amfani da shi a da. Hannu yana tuna abin da ya saba. Uwargidansa ko wani tsohon abokin karatunsa zai iya faɗa ba tare da an tona asirin kyautar ba.

Akwai batun da mai shago ba lalle ya ambata ba. Buroshin fentin mai na gargajiya, mai farin gashi mai tauri, da gashin alade ake yin sa. Musulmi da yawa ba za su so riƙe shi ba, balle su jiƙa shi da hannu wajen wankewa. Buroshin gashin roba yana yin aikin, ya ma fi dacewa da akirilik, kuma ana rubuta nau'in gashin a jikin mariƙin ko a kan leda. Uku ko huɗu masu girma daban-daban sun isa. Haka nan ba kowa ne ke zana mai rai ba. Wani shimfiɗar ƙasa yake so, wani zayyana irin ta allo ko adon bangon gidajen Hausa, don haka littafin koyon zanen fuska ba kyauta ba ce ga kowa.

Masu karo-karo su kuma tuna cewa kuɗin fansho ba ya fitowa ranar da aka ajiye aiki. Fentin da ya ƙare sai an aika Abuja ta hanyar Akwanga da Keffi, kuma kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ya fi kyau a rage abin da za a kashe wajen walima, a ninka farin fenti da takarda, a ƙara littafin zane na fensir mai arha wanda mutum ba zai ji tsoron ɓata shafinsa ba. Wanda ya daɗe bai yi zane ba yakan ji nauyin kanfas mai tsada, ya yi ta ɗage ranar farawa. A ɗauko kayan a cikin mota, kada a bar su a but rana ta dafa su.

Ga hadiman manya akwai ƙarin hattara. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda wani abin da ya yi ko ya bari a bakin aiki, ya halatta ta 'yan'uwa da abokai gwargwadon al'ada. Idan maigidan bai ajiye aiki ba tukuna, kyautar ta fito daga ma'aikatan ofis gaba ɗaya, a bainar jama'a, kuma kada ɗan kwangila ya sa hannu a karo-karon.