Me Ya Sa Jujin Daura Ba Ya Ruɓewa?

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Sandamu, Zango, Baure ko Mai'adua a watan Afrilu zai ga amalanke da jakuna suna ta jidar taki zuwa gona, ana jibge shi tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Amma in aka tona tsibin, galibi busasshen kashin awaki za a tarar, da ƙaiƙayi da toka da leda, kowanne yana nan yadda aka zubar da shi. Bushewa ya yi, bai ruɓe ba. Ko 'yan lambun da ke noman rani a bakin madatsun ruwa na Daberam da Sabke, in suka haɗu suka tara juji a gefen lambu suka bar shi a fili, abin da za su samu ke nan. Yawanci akan ce lokaci ne bai yi ba. Ni kuwa ina ganin ƙishirwa ce ke damunsa.

Ruɓewa aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma ba sa motsi sai da danshi, kusan rabin nauyin tarin ya zama ruwa. A ƙasar Daura damina daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran shekara kuwa hunturu da bazara ne, masu tsotse tsibi cikin 'yan kwanaki. Shawarar da ake bayarwa a ƙasashe masu yawan ruwan sama, cewa a tara shara a sarari iska ta ratsa ta, a nan ɓarna take yi. Rami ya fi dacewa da mu, kamar yadda masanin noma Albert Howard ya gwada a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931. A haƙa shi ƙarƙashin inuwar darbejiya, zurfinsa kada ya wuce mita 1. A shimfiɗa sararren kara a ƙasa, a bi da kashin dabbobi, sai ɗanyen ganye ko ragowar kayan lambu, a barbaɗa ƙasa da toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika, sannan a rufe da tsohuwar zana. Toka in ta yi yawa tana korar sinadarin naitirojin ya bi iska, shi ya sa ake jin zarni. Busassun kaya su rinjayi ɗanyu, amma kara zalla ba zai ɗumama ba. In an dace, cikin mako guda zafin tsakiyar ramin zai kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe mafi yawan irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ba sai da ma'auni ba: a soka sanda, a zaro ta bayan ɗan lokaci, a taɓa. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ake nema. In ta fito da laka da wari, ruwan ya yi yawa, sai a juya. Juyi duk bayan mako biyu ko uku ya isa, kuma cikin wata uku takin yakan yi baƙi, ya riƙa marmashewa a hannu.

Mai ƙorafi zai ce ruwan da ake saye a jarka ba na shayar da shara ba ne. Gaskiya ne, sai dai ruwan wanke hatsi da na alwala da na ɗauraye kwanuka kullum kwata suke bi, kuma ramin da aka rufe ba ya shan ruwa da yawa. Masu lambu a bakin dam ma ba su da wannan uzurin. Wani zai ce kara da harawa sun fi taki daraja, tunda dabbobi na ci, ana danga, ana girki. Wannan ma haka ne, babu mai hankalin da zai binne harawar wake. Abin da ramin ke so shi ne ragowar da dabba ta tattake a turke, wadda ta riga ta sha fitsari, kuma ita ce mafi ƙarfi. Batun gara kuwa, tsoronta ya fi ɓarnarta a nan: manomi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da gangan ya riƙa zuba taki a ramukan shuka domin gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya shiga.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne takin zamani ya fi sauri. Yuriya na ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, takin rami kuwa da ƙyar ya wuce kashi 1 ko 2. Amma ƙasar Daura jigawa ce, ruwa ɗaya mai ƙarfi kan wuce da yuriya ƙasa da saiwar gero, kuma tun tashin farashi na 2022 buhun ba abin wasa ba ne. Ruɓaɓɓen taki shi ke riƙe ruwa da sinadarin a inda saiwa za ta kai, don haka buhun yuriya guda yakan fi amfani a gonar da ta ci takin rami. In aka cika rami a Nuwamba bayan girbi, bayan an tsince leda da tsofaffin batura, zai nuna kafin ƙarshen Fabrairu, har a sake cika shi don shukar Yuni.