Dinarin Otho da Ramin da Aka Tono Shi

A shekara ta 69 miladiyya sarakuna huɗu suka mulki Rum ɗaya bayan ɗaya: Galba, Otho, Bitaliyus da Basfasiyan. Otho wata uku kacal ya yi, daga Janairu zuwa Afrilu, sannan ya kashe kansa bayan rundunarsa ta sha kashi a arewacin Italiya. A wannan ɗan tsakanin maƙerar birnin Rum ta buga masa kuɗin zinariya da na azurfa, ba ta buga na tagulla ba. Marubucin tarihi Suwetoniyus ya ce Otho mai sanƙo ne, yana rufe kansa da gashin aro, kuma duk wanda ya ƙura wa hotonsa ido a jikin kuɗin zai ga gashin ya kwanta layi-layi kamar wanda aka ɗora. Masu tara tsofaffin kuɗi suna burin haɗa na sarakuna 12 da Suwetoniyus ya ba da labarinsu, daga Yuliyus Kaisar zuwa Domishiyan. Na Basfasiyan yana samuwa cikin sauƙi, amma na Otho da Kaligula da Kalaudiyus sai an sha wuya an kuma zuba kuɗi. Sha'awa ce mai kyau, kuma ba na ganin laifinta. Sai dai ina ganin bai kamata kowa ya sayi irin wannan kuɗi ba muddin ba a san hanyar da ya biyo ya iso kasuwa ba, komai ƙarancinsa.

Sunan kuɗin azurfar dinariyus, kuma daga gare shi Larabawa suka samo kalmar dinari, ko da yake nasu na zinariya ne, na Rumawa kuwa na azurfa. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin miladiyya, lokacin yaƙi da Hanibal. A zamanin sarki Agustus nauyinsa ya kusa giram 4, azurfa kusan tsantsa, kuma albashin soja a shekara guda 225 ne. A shekara ta 64 Nero ya rage masa nauyi zuwa kimanin giram 3.4, ya ƙara masa gamin jan ƙarfe. Ke nan azurfar da ke jikin guda ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Mai biyan maƙudan kuɗi a kansa labari yake saye: fuskar sarki, laƙabansa, da saƙon da fada ta so talakawa su gani.

To amma rabin labarin yana cikin ƙasar da kuɗin ya kwanta. A shekara ta 1987 wani hafsan sojan Birtaniya, Tony Clunn, ya gano tarin dinarai da na'urar gano ƙarfe a Kalkiris, kusa da Osnaburuk a Jamus. Bai zuba a aljihu ya yi gaba ba, tare da masu tonon kayan tarihi na yankin ya yi aiki. Da aka faɗaɗa tono sai ga makamai da ƙasusuwa da ƙarin kuɗi, kuma mafi sabuntar dinaran su ne waɗanda Agustus ya buga da hoton jikokinsa Gayus da Lushiyus. Babu na Tibariyus, wanda ya gaje shi a shekara ta 14. Wannan na daga cikin manyan hujjojin da suka sa masana da yawa suke ganin nan ne aka hallaka rundunonin Rum uku da Barus ke jagoranta a shekara ta 9. Abin lura, irin wannan dinari na Gayus da Lushiyus yana cikin mafi yawa a kasuwa. A tiren dillali ba ya cewa komai sabo. A ramin Kalkiris kuwa ya nuna filin yaƙi. Haka tarin dinaran Agustus da Tibariyus da aka tono a kudancin Indiya suka tabbatar da girman fataucin barkono da sauran kaya tsakanin Rum da can.

Tsadar da ƙaranci ke jawowa tana haifar da ɓarna iri biyu. Ta farko jabu ce, kuma tsohuwar sana'a ce. Tun a ƙarni na 16 Jobanni Kabino na Faduwa ya ƙera kwaikwayon kuɗin tagulla na Rumawa, har da na Otho da maƙerar Rum ba ta taɓa bugawa ba, domin masu tarawa suna son cike gurbi. Karl Beka, Bajamushen da ya rasu a 1830, ya ƙera jabun da suka ruɗi manyan masana. Ta biyu ta fi muni: tonon dare. A ƙasashen Balkan, musamman Bulgeriya, da wasu sassan Gabas ta Tsakiya, mutane kan bi kufai da na'ura su fasa tukunyar da ta yi shekara dubu biyu a binne, su ware masu tsada, su wanke, su watsa saura. Daga ranar babu wanda zai sake sanin me ke tare da me, ko a wane gari aka binne su, ko a wace shekara.

Masu kare kasuwar sukan ce kuɗi ba gunki ba ne da guda ɗaya tak ake da shi, miliyoyi aka buga, don haka ɓatan labarin guda ɗaya ba asara ba ce. Gaskiya ne an buga miliyoyi. Amma abin da ke lalacewa a tonon dare shi ne tarin da wurin, kuma kowane tari ɗaya ne tilo. Mai neman dinarin Kaligula guda ɗaya yakan tarwatsa ɗaruruwan da ke kewaye da shi, su kuwa su ne shaidar.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a amsa ta da adalci. Masu tarawa ne suka gina wannan ilimi. Mawaƙin Italiya Fetrak yana tara kuɗin Rumawa tun ƙarni na 14, kuma manyan gidajen tarihi da yawa daga tarin ɗaiɗaikun mutane suka faro. Ga shi kuma ƙasashen da suka ce duk abin da aka tono na hukuma ne, kamar Italiya, ba su hana tonon ɓoye ba. Na yarda da duka wannan, shi ya sa ban ce a haramta tarawa ba. Ingila da Wales sun nuna akwai hanya: dokar 1996 ta wajabta kai rahoton tarin azurfa ko zinariya cikin kwana 14, in gidan tarihi yana so ya biya farashin kasuwa a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona, in ba ya so a mayar musu su sayar. Daga 1997 kuma aka soma rubuta ƙananan tsintuwa a rajista. Kuɗin da ya bi ta nan yakan isa hannun mai tarawa da labarinsa cikakke.

Saura masu cewa takardar asali ma ana ƙirƙirarta. Ana yi. A Oktoban 2020 an yi gwanjon kuɗin zinariya na Burutus, wanda ya buga don tunawa da kisan Yuliyus Kaisar, a Landan kan fam miliyan uku da ɗoriya. Daga baya ta bayyana tarihin mallakarsa ƙarya ne, dillalin ya amsa laifi a kotun New York, aka miƙa kuɗin ga Girka a 2023. Amma an kama ƙaryar ne saboda asali abu ne da ake iya bincikawa. Da guduma aka buga kowane dinari, don haka ba a samun biyu da suka yi daidai a gefe da tsaga da karkatar hatimi. Wanda aka ce ya fito daga tsohon tari, to a nemi hotonsa a kundin gwanjon da aka buga kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fasa-ƙwaurin kayan tarihi, ko lambar rajistarsa, ko takardar izinin fitar da shi daga ƙasarsa. Dillalin da ya ce daga tarin wani dattijo Bature ya fito, ba suna ba hoto ba shekara, cinikin biri a sama yake tallatawa, ko da fuskar Otho ce da gashin aronta a jiki.