Abin Da Matan Gambiya Suka Yi Wa Fadamarsu

A wannan mako za mu bar madafa mu gangara fadama. Kada wata ta ce ina ruwanta, ai wannan sha'anin maza ne. Uwargida, leƙa tukunyar miyarki tukuna. Tumatir da albasa da tattasai da ki ke samu tsakiyar rani, daga ina su ke fitowa? Shinkafar tuwo fa, da raken da yara ke sha?

Kun san Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya nufi Talatar Mafara. Ƙananan rafuka kuwa, irin waɗanda ke ƙasar 'Yandoto da Tsafe, ba su ƙirguwa. In damina ta yi tsakiya sai ruwa ya tumbatsa, ya kwanta a fadama, ya zubar da baƙar laka mai taki, kana ya nutse a hankali. Wannan ruwa da ya nutse shi ne mai lambu ke tararwa da rani in ya haƙa 'yar rijiya. Jema da itatuwan bakin gulbi su ke riƙe gaɓa, su kuma rage wa ruwa gudu. In aka sare su sai gaɓa ta zaftare, rairayi ya binne laka, wurin da ke ba da albasa ya koma fako.

Mu a nan mun ga abin da kan faru in aka taɓa fadama ba da shawarar masu ita ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ambaliyar da manoman shinkafa na gangare ke dogara da ita ta ragu, a 1980 kuwa rigimar gonaki da diyya ta ci rayukan manoma da dama.

To, bari in ba ku labarin waɗansu mata a can nesa, a ƙasar Gambiya. Su fadamarsu a bakin teku ta ke, kusa da birnin Banjul, ana kiranta Tanbi. Tamu sau ɗaya ta ke cika a shekara, tasu kuwa sau biyu a kowane yini da dare, domin ruwan teku yakan hau ya rufe ta, sa'an nan ya janye ya bar taɓo. A cikin taɓon akwai waɗansu itatuwa masu jure ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Jikin saiwoyin nan ne wata 'yar halitta mai ɓawo kamar makankari ke mannewa. Ita matan ke shiga kwalekwale su ɓamɓaro, su dafa, su sayar a bakin hanya.

Sana'a ce mai wuya, mai ƙarancin riba. Saboda sauri, da dama sukan datse saiwar ɗungurungum su tafi da ita, itacen kuma ga shi ana sara don hura wuta. Abin sai ya yi ta ƙanƙancewa, tilas su riƙa tafiya nesa kafin su cika kwando.

A 2007 wata mace mai suna Fatou Janha Mboob ta tara su suka kafa ƙungiya mai suna TRY. Da 'yan mata kaɗan aka soma, har ta kai wajen mata 500 daga ƙauyuka 15. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar da suka yi wa kansu. Suka ce wata 4 kaɗai za a yi ana ɗiba, watau daga Maris zuwa Yuni, sauran wata 8 a bar wurin ya huta. Suka hana datse saiwa, suka kuma shiga taɓo suna dasa sababbin itatuwa. Ki tuna fa, waɗannan mata ne da sai sun fita su ke ci. Mace irin wannan ta yarda ta jingine sana'arta wata 8, ai ba ƙaramin abu ba ne. Da abin ya samu hutu ya girma, sai kuɗinsa ya ƙaru a kasuwa. A 2012 gwamnatin Gambiya ta damƙa wa ƙungiyar ikon wannan sana'a a Tanbi, ita kaɗai.

Na san wata za ta ce mu ba mu da teku, yawancinmu ma ba mu fita. Gaskiya ne. Amma wa ke aiken yara itace? In aka kawo miki ɗanyen icce daga bakin gulbi, kin san inda aka saro shi, kina kuma da bakin da za ki ce kada a ƙara. Sharar da mu ke zubawa a kwata da damina, muna cewa ruwa ya tafi da ita, ina ki ke tsammani ta ke tsayawa? Na taɓa ganin wani lambu bayan ruwa ya janye, leda ta fi ganye yawa, mai shi yana tsinta yana tsaki. Masu saƙar tabarma da faifai kuma, in ana yanko muku kaba, ku ce a riƙa barin waɗansu gindi su tashi su zama goruba, kada a aske su duka kowace shekara.

Ba mu rasa inda za mu tattauna wannan ba. Muna da adashi, muna da makarantar Islamiyya, muna haɗuwa wurin biki da suna. In mata 20 na unguwa ɗaya suka daidaita a kan magana guda, suka tura dattijuwa ta kai wa mai unguwa, da wuya ya ƙi saurare. Abin roƙon ba mai yawa ba ne: a keɓe 'yan taku kaɗan daga bakin gaɓa inda ba noma, ba sara.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aikin. Ku tambayi kakanninku inda ruwa ke kaiwa sa'ad da su ke 'yan mata, da irin kifi da tsuntsayen da su ke gani, ku rubuta a littafi ku kai wa malama. In an sha mangwaro a watan Afrilu kada a yar da ƙwallon. Ku cika leda da ƙasa da taki, ku binne shi, ku riƙa ba shi ruwan wanke shinkafa. In damina ta kankama ya isa dashe, sai a nemi babban yaro ya kai shi bakin rafi, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.