Bashin Da Bankuna Ke Ci A Tsakaninsu

Jama'a, kowa ya san banki wurin ajiyar kuɗi ne, kuma wurin neman rance. Amma ko kun san shi kansa banki yakan ci bashi? Yakan ci, kusan kullum, kuma a hannun ɗan'uwansa banki. A wannan wata za mu yi bayanin wannan bashi, da kuɗin ruwan da ake ɗora masa, da yadda bankuna ke ba da rahotonsa.

Me ke sa banki cin bashi?

Kowace rana wasu na kai kuɗi banki, wasu na ɗiba. In an tashi aiki da yamma, sai a tarar wani banki yana da rarar kuɗi. Wani kuma an ɗebi da yawa, abin da ya rage masa ba zai ishe shi ba. To, sai mai rara ya ranta wa mai giɓi. Wani rancen na kwana ɗaya ne tak. Wani na mako ɗaya ne, wani na wata uku, wani har shekara.

Ba kyauta ake bayarwa ba, akwai kuɗin ruwa. Ana lissafinsa cikin ɗari. In an ce ruwa kashi 5 ne cikin 100, wanda ya ranci 100 zai biya 105 bayan shekara guda.

Yawan ruwan yana nuna yarda. Bankin da aka amince da shi, ruwa kaɗan ake ɗora masa. Wanda ake shakkarsa, sai a tsuga masa ruwa, ko ma a hana shi. Wannan ruwa kamar farashin sari yake. In mai kanti ya saro kaya da tsada, da tsada zai sayar. Haka banki, in ya samo kuɗi da tsada, da tsada zai ranta wa jama'a.

Ma'aunin birnin Landan

Birnin Landan na ƙasar Ingila babbar kasuwar kuɗi ce ta duniya. A shekarar 1986 ƙungiyar bankunan ƙasar ta fara fitar da wani ma'auni mai suna LIBOR. Aikinsa shi ne nuna ruwan da manyan bankuna ke biya in sun ranci kuɗi daga juna.

Ga yadda aka riƙa haɗa shi daga baya. An zaɓi wasu manyan bankuna. Kowace safiya, wajen ƙarfe 11, sai a yi wa kowanne tambaya guda: in yau za ka ranci kuɗi a wurin wani banki, ruwa nawa kake ganin za a ɗora maka? Kowa sai ya aika da amsarsa ga kamfanin Thomson Reuters. Kamfanin sai ya jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba. Ya zubar da na can sama, ya zubar da na can ƙasa. Na tsakiyar sai ya haɗa su, ya raba daidai. Abin da ya fito shi ne ma'aunin ranar.

A wajen dalar Amurka, an daɗe ana tambayar bankuna 16. A zubar da amsa 4 a sama, 4 a ƙasa, a yi aiki da 8. Kafin shekarar 2013 ana yin haka ga kuɗaɗe iri 10, kowanne da wa'adin biya iri 15. Ke nan lambobi 150 ake fitarwa kowace ranar aiki.

Duniya ta rungumi wannan ma'auni. Mai sayen gida da bashi a Amurka, da babban kamfani, da gwamnatocin ƙasashe masu cin bashi a waje, da yawansu ruwansu da shi aka ɗaure. Sai a rubuta a takarda cewa za a biya LIBOR da ƙarin kashi kaza. In ya hau, bashi ya ƙara nauyi. In ya sauka, a samu sauƙi. A shekarar 2012 an ƙiyasta cewa cinikin da ya dogara da shi ya kai dala tiriliyan 300. Tiriliyan ɗaya kuwa biliyan 1,000 ne.

Ina matsalar take?

Ku sake duba tambayar nan. Ba a ce wa banki ya kawo shaidar rancen da ya karɓa ba. Ra'ayinsa kawai aka nema. Kamar a je kasuwar hatsi ne a tambayi dillalai nawa suke ganin buhu zai kai, ba tare da an ga an ƙirga kuɗi ba. Dillalin da ya ɓoye hatsi a rumbu zai faɗi da tsada. Wanda ke son saye zai faɗi da araha.

Wani zai ce, ai ana zubar da na sama da na ƙasa, ƙarya ba za ta yi tasiri ba. To, mu yi lissafi da misali. A ce bankuna 8 ne, suka ba da waɗannan amsoshi:

3, 4, 5, 5, 6, 6, 7, 8

A zubar da 3 da 4, a zubar da 7 da 8. Saura 5, 5, 6, 6. Jimla 22. A raba gida 4, an sami 5 da rabi.

Yanzu a ce bankin da ya kamata ya ce 4 ya yi ƙarya, ya ce 9. Jerin ya koma haka:

3, 5, 5, 6, 6, 7, 8, 9

A zubar da 3 da 5, a zubar da 8 da 9. Saura 5, 6, 6, 7. Jimla 24. A raba gida 4, an sami 6.

Kun gani? An zubar da amsar maƙaryacin, amma duk da haka ya ɗaga ma'aunin daga 5 da rabi zuwa 6. A zahiri motsin da ake yi bai kai haka girma ba. Sai dai kuɗin ne ke da yawa. A bashin dala biliyan 1, in aka raba kashi ɗaya gida 100 aka ƙara gida ɗaya kacal, an ƙara dala 100,000 a shekara.

Asiri ya tonu

Masu bincike a Ingila da Amurka sun gano ha'inci iri biyu. Na farko, wasu ma'aikatan banki masu cinikin kuɗi sukan roƙi abokan aikinsu masu aika amsa su ɗan ɗaga ta ko su ɗan rage ta, don cinikinsu ya yi riba. An ga irin wannan roƙo a rubuce cikin saƙonninsu.

Na biyu ya faru ne lokacin rikicin kuɗi na shekarun 2007 da 2008. A watan Satumba na 2008 babban bankin nan na Amurka, Lehman Brothers, ya karye. Bankuna suka shiga tsoron ranta wa juna. Duk wanda ya faɗi ruwa mai yawa, sai a ce shi ma ya kusa karyewa. Don haka wasu suka riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, don a ga kamar lafiyarsu ƙalau.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Yuni na 2012 aka ci bankin Barclays tarar fam miliyan 290, kuma a watan Yuli shugabansa Bob Diamond ya sauka daga muƙaminsa. A watan Disamba na wannan shekara aka ci bankin UBS na ƙasar Suwizalan tarar dala biliyan 1 da rabi. A 2015 bankin Deutsche na Jamus ya biya dala biliyan 2 da rabi.

Gyaran da aka yi

A 2014 aka miƙa ma'aunin ga wani kamfani dabam, aka kuma tsaurara doka. Amma yarda ta riga ta zube. Ga shi kuma bankuna sun rage irin wannan rance maras jingina, don haka babu isasshen ciniki da za a auna. A ƙarshen 2021 aka daina fitar da mafi yawan lambobinsa. A ƙarshen watan Yuni na 2023 bankuna suka daina aika amsa a kan dala. A watan Satumba na 2024 aka rufe shi baki ɗaya.

An maye gurbinsa da sababbin ma'aunai. Na dala sunansa SOFR, wanda reshen babban bankin Amurka da ke birnin New York ya fara fitarwa a 2018. Na fam sunansa SONIA, yana hannun babban bankin Ingila. Waɗannan ba a tambayar kowa ra'ayinsa. Ana tattara bayanin rancen da aka bayar da gaske jiya, da ruwan da aka biya, a yi lissafi a kai. Gani ya kori ji.

Abin da ya shafe mu

A Nijeriya ma bankuna na ranta wa juna kuɗi, kuma akwai ma'auninsu mai suna NIBOR. Babban Bankin Nijeriya kuma yana yanke nasa ruwan, wanda sauran bankuna ke dubawa. In waɗannan sun hau, rancen manomi da na ɗan kasuwa yakan ƙara tsada.

Saboda haka, in kai ko ƙungiyarku ta gama kai za ku karɓi rance, ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu. Ruwan a tsaye yake, ko yana hawa da sauka? In yana motsi, da wane ma'auni aka ɗaure shi? Kuma nawa ne jimlar abin da za a biya, har da sauran kuɗaɗen da banki ke cira? Ku ce a rubuta muku amsa a takarda. Ku karanta da kanku, ku yi lissafi a tsanake. In wani wuri ya shige muku duhu, ku kai wa malamin ajinku ya duba tare da ku.